Tsohuwar Prelude ta shigo gareji: ta ina za a fara?

Tambayar yaron shago: "Oga, wani saurayi ya kawo Honda Prelude ƙirar 1998, mai ƙofa biyu, otomatik. Yana son a sa masa ƙatuwar salansa mai ƙara, a cire indomi, wato tukunyar tace hayaƙi da ke jikin bututun salansa, a sa manyan kalifa jajaye, wato maƙamar da ke matse faifan birki, in zai yiwu kuma a mayar da giyar manuwal. Ya ce a fara da salansa. Ni kuma da na taka birkin na ji yana lumewa, giya ta biyu tana fizga. Ta ina zan kama?"

Ɗana, ƙafarka ta riga ta ba ka amsa. Birki ne farko, giya ta biyo baya, salansa kuma sai in kuɗinsa sun yi saura. Ka faɗa masa cikin ladabi, in ya ƙi ji ka ce ni na ce. Injin H22 ne a motar nan, lita 2.2 mai VTEC, tsarin Honda na ƙara wa inji numfashi in ya ɗau gudu, ƙarfinsa ya kai kusan doki 200 tana sabuwa, kuma tun 2001 Honda ta daina ƙera wannan samfurin. Kenan duk wata roba ta asali da ke jikinta ta haura shekara 20. Mai ita kuwa na san irinsu, ran da ya karɓe ta daga Farin Gada a nan Jos ranar zai ɗauki hanyar Akwanga, sai ya gangara Hawan Kibo.

Fara da man birki. Buɗe murfin ka duba. In ya yi baƙi, ya gama aiki. Man birki yana shan danshin iska a hankali, kuma gwargwadon ruwan da ya sha gwargwadon saurin tafasarsa. Sabon man birki ajin DOT 3 yana jure zafi har digiri 205, amma in ya sha ruwa sai ya sauko wajen 140. DOT 4 kuwa 230 ne sabo, 155 in ya jiƙe. A doguwar gangara, direba ya ɗora ƙafa bai ɗaga ba, kalifa ta ɗau zafi, man ya tafasa ya zama tururi, shi kuma tururi matsuwa yake yi. Sai feda ta tafi ƙasa fayau. An jima in ya huce birkin ya dawo garau, shi ya sa za ka ji wasu direbobi suna ɗora laifin a kan iskokin hanya. Ka zubar da tsohon gaba ɗaya, ka sa DOT 4 daga gwangwanin da ka fasa da hannunka, ba ragowar da ta kwana a buɗe a shago ba. Kada ka yarda da DOT 5, na silikon ne, ba ya haɗuwa da sauran.

Lumewar da ka ji iri biyu ce, ka bambance su. Taka fedar ka riƙe da nauyi ɗaya. In tana sauka a hankali alhali ba yoyo ko'ina, robobin cikin masta, wato famfon da feda ke dannawa ya tura man birki, sun saki, mai yana zagayewa ta ciki. In kuma laushi gare ta, sai ka yi famfo sau biyu uku take tauri, to iska ce a layi ko tiyo ya gaji. Sa wani ya taka, kai ka riƙe tiyon da ke zuwa kalifa tsakanin yatsunka. In ka ji yana kumbura, canza shi, ka canza ɗan'uwansa na ɗaya ɓangaren.

Wajen fitar da iska, ka sa guntun katako ƙarƙashin feda. Tsohuwar masta tana da wurin da fistin bai taɓa zuwa ba shekara da shekaru, can ciki ya yi tsatsa. Yaro ya danna feda har ƙasa, robar ta bi ta kan tsatsar ta yage, sai mota ta shigo da masta mai rai ta fita da matacciya, kuma kai za ka saya.

Cire kalifa ka dubi fad, wato takalman da ke goga faifan birki. In na ciki ya cinye na waje yana nan da kauri, fil ɗin da kalifa ke zamewa a kai ya cije. Zare shi, ka goge, ka shafa giris na silikon. Baƙin giris na yau da kullum kumbura robar yake yi, bayan wata biyu ya sake cijewa. Faifan birki kuma akwai ƙarancin kaurin da aka buga a jikinsa, ka auna, in ya kai nan kada ka kai a goge, sai sabo. Sannan ka kula da na baya: fistin ɗinsu ba dannawa ake yi ba, murzawa ake yi ya koma ciki, saboda birkin hannu a cikinsa yake. Na sha ganin an sa ƙarfe an danne shi da ƙarfi an kashe kalifa lafiyayya.

Maganar manyan kalifa, gaskiya ni ban ga amfaninsu ga wannan yaron ba. Abin da ke tsayar da mota taya ce. In birkin asali yana iya kai taya ga kullewa har ABS, na'urar hana taya kullewa, ya fara bugun ƙafa, babbar kalifa ba za ta rage tazarar tsayawa ba, jure zafi kawai take ƙarawa ga masu tsere. Kuma in fistin ya fi girma masta tana nan yadda take, feda za ta ƙara nisa, rabon ƙarfi tsakanin gaba da baya ya lalace, wataƙila ma ta ƙi shiga rim ɗinsa mai inci 16. Kuɗin ya kai su kan fad mai kyau da tayoyi. Duba lambobi huɗun nan na gefen taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. In ja yake so, a wanke kalifar a fesa mata fenti.

To giya. Otomatik ɗin wannan samfurin ita ce lagonta, duk wanda ya daɗe da Honda ya sani. Amma kada ka yanke mata hukunci tukuna. Duba mawuntin inji tukun, don in ya tsage shi ma yana kawo fizga. In fitilar giya ta D4 da ke gaban direba tana ƙyaftawa, sa kwamfuta ka karanta. Sannan ka kwance kusar tsiyaye mai. Akwai maganaɗisu a bakinta. Toka-toka mai laushi kamar kwalli ba komai ba ne. In ka ga ɓurɓushin ƙarfe yana ƙyalli, man ya yi duhu yana ƙauri, faifan kulocin ciki sun ƙone, babu man da zai dawo da su. In kuwa da sauranta, ka sa man Honda, ATF-Z1 ko DW-1 da ya maye gurbinsa, ba jan man da ake aunawa a gora a bakin titi ba. Kusan lita 3 ne ke fita a tsiyaya ɗaya, saura na maƙale a ciki, don haka ka zuba, a zaga gari, ka sake tsiyayewa, har sau uku. Kada ka bari a haɗa ta da injin wanke giya mai tura mai da ƙarfi. Ƙaramin lagireto na sanyaya man giya ma yana taimakawa, kuma ba shi da tsada.

In ta mutu, na fi son a mayar da ita manuwal da a sayo wata otomatik ɗin Beljiyam mai shekaru ɗaya da ciwo ɗaya. Sai dai ba akwatin giya kaɗai ake saya ba. Akwai filawil, kuloci, fedoji, masta da silef na kuloci, sandar giya da wayoyinta, mawuntin, ƙwaƙwalwar mota ta manuwal, ga aikin riwaya don fitilar ribas da tayarwa. Ka nemi duka daga mota ɗaya, rabin jiki in an samu. Fara da kasuwar Dilimi a Jos, in babu a tambaya Apo a Abuja ko Ladipo a Legas. Ka guji ta samfurin SH, tana da wani tsarin raba ƙarfi ga tayoyin gaba da zai ba ka wahala. Kafin ka biya, juya sandar shiga da hannu ka sa kowace giya. Jimlar kuɗin kuma ya ji ta tun ba a kwance kusa ɗaya ba, kada mota ta shekara a kan duwatsu.

Salansa ba ta da dogon zance. Bi bututun daga inji zuwa baya ka nemi baƙin hayaƙi a gaɓoɓi, musamman wurin saƙaƙƙen ƙarfen nan mai lanƙwasa. Hayaƙin da ke yoyo ƙarƙashin mota yana shiga ciki, iskar da ke kisa a cikinsa kuma ba ta da wari, ga shi da sanyin Jos kowa gilashinsa a rufe yake.

Indomi kuwa, in bai toshe ba ka bar shi. In ƙirar Amurka ce, sensa biyu gare ta, na gaba yana daidaita fetur, na baya yana gadin indomi. Ka fasa indomin, fitilar inji ta kama da lambar P0420 ta ƙi mutuwa, gobe in wata matsala ta gaske ta taso ba wanda zai lura. Ƙarfin da za a samu bai taka kara ya karya ba. In kana zargin toshewa, cire sensan gaba na ɗan lokaci, in inji ya sami numfashi to ya toshe. Ka nemi dalili, don H22 da ya tsufa yana shan baƙin mai, kuma shi ke kashe indomi. In dole aka cire, ka miƙa wa mai mota abinsa a hannu. Akwai ƙarafa masu tsada a ciki, shi ya sa ake sayensa, kuma ba na son a ce a shagona aka yi wa wani wayo.

Faɗin bututu kada ya wuce inci 2.5. Inci 3 na masu tabo (turbo, na'urar cusa wa inji iska) ne, a wannan injin sai hayaƙi ya rasa gudu, mota ta yi nauyin tashi a cikin gari. Ka bar ƙaramar tukunyar tsakiya, ka canza ta baya kawai, zai sami muryar da yake so ba tare da gunjin da ke sa ciwon kai a doguwar tafiya ba. Ka gaya wa mai walda ya ɗaga bututun sama sosai, motar gajeriya ce, ga tudun rage gudu ko'ina. In ya ce ba ta ja yadda ya ji labari, ka tuna masa Jos tana sama da teku da kimanin mita 1,200, iska ba ta da kauri, injin da ba tabo yana rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa, kuma babu salansar da za ta dawo da wannan.

Ka tambaye shi yaushe aka canza tayimin bel, wato bel ɗin da ke daidaita buɗewar bawul da motsin fistin. In bai sani ba, a canza har da abin ɗaure shi, don in ya tsinke a wannan injin bawul da fistin ne za su gwabza. Gobe da safe ka ɗaga ta, ka cire tayoyin huɗu, man giyar da ka tsiyaye ka ajiye mini a roba mai tsabta, in zo in shinshina da kaina kafin a yi masa maganar kuɗi.