Ƙanwata ba jifa aka yi miki ba, gajiya ce ta kai ƙashi

Wa alaikis salam ƙanwata. Kin ce shekara biyu kacal da fara aikin nas amma in asuba ta yi sai ki ji kamar ki fashe da kuka, mara lafiya na nishi ke kuma haushi kike ji, har kina tunanin ko jifa ce, kina ma shirin miƙa takardar ajiye aiki. Wallahi ba jifa ba ce, ni ma na faɗa ramin nan, shekarata 14 ina wannan aiki a Legas.

Tun 2019 hukumar lafiya ta duniya WHO ta bayyana wannan gajiyar aiki, wadda Turawa ke kira burnout, da alamomi uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta bushe a kan aikin, sai kuma ki ga kamar ba kya tsinana komai. Ta biyun ce ta tsorata ni, ranar da na daka wa wata tsohuwa tsawa don kawai ta nemi ruwa.

Ni abin da ya kusa kashe ni kunya ce. Abokan aiki sun watse Ingila da Saudiyya, aikin mutum uku ya dawo kaina, in na sauka daga aikin dare sai in zarce wani asibitin kuɗi neman ƙari, ga gosulo kafin in isa Agege, sannan duk Bahaushen da aka kwantar ni ce tafinta, lambata ta zagaye Agege da Mile 12, ƙarfe 2 na dare a kira ni wai yaro na zazzaɓi Sista ki taimaka. A'a ta gagare ni, kada a ce 'yar gida ta yi girman kai.

Sai da na ajiye aikin gefen nan, aljihu ya ji jiki kam. Na sayi layi na biyu, ranar hutu layin aikin a kashe yake. In na kwana a aiki labule mai kauri nake saki in yi barci, ko biki ake a gidanmu. Maganar jadawalin aiki kuma a rubuce na kai wa matiron, wato shugabar nas-nas, ta baki iska ce ke ɗauka.

Amma in ya kai sati biyu ba barci, abinci ba ya shiga, ko kina jin gara ki mutu, ki ga likitan ƙwaƙwalwa, akwai su a Yaba nan Legas, kuma ba wai kin haukace ba ne. Takardar ajiye aikin nan ki dakata da ita, fara karɓar hutunki na shekara gaba ɗaya tukuna, in kin dawo ki neme ni mu yi magana.