Amsa ga ƙaninmu mai tambaya kan faɗuwar gaba kafin dambe

Assalamu alaikum 'yan gida. Ƙanena, tun da asuba naga tambayarka amma sai yanzu na tashi daga kasuwa na samu zama. Kace ranar Lahadi zaka fara sa zare a gidan damben Dei-Dei da ke Abuja, tun da aka tsayar da magana barci ya ƙaurace maka, ko a wajen atisaye in ana ɗaure maka hannu sai ya kama rawa, bakinka ya bushe, cikinka ya ringa juyawa, har wani abokinka yace ka haɗiyi tramol ko ka ɗan busa kafin ka shiga. Kana tambaya wai ko kai matsoraci ne.

Ba matsoraci bane kai wallahi. Ni na shekara 11 ina dambe a ɓangaren Arewa kafin gwiwa ta zaunar da ni, kuma har ranar da nayi na ƙarshe sai da gabana ya faɗi. Mutanenmu suna cewa faɗuwar gaba asarar namiji, na yarda da hakan in faɗuwar gaban ce ta hanaka fita, amma wanda gabansa ya faɗi kuma ya fita fili ya tsaya babu asarar da yayi. Mike Tyson ma da ya zama zakaran duniya na masu nauyi a 1986 yana ɗan shekara 20, akwai bidiyonsa yana matashi yana kuka a waje kafin wasa kocinsa na lallashinsa, kuma ya shiga ya ci wasan.

Abin da kake ji ɗin nan yana da suna, likitoci suna ce masa adirenalin. Wasu 'yan ƙananan abubuwa ne guda biyu a saman ƙoda suke sakinsa cikin jini da zarar ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, mu mahauta in mun feɗe saniya muna ganinsu a cikin kitsen da ke wajen ƙoda, yawancinmu bamu ma san aikinsu ba. Shi ke sa zuciya gudu, ya buɗe hanyar numfashi, ya sa hanta ta zubo suga cikin jini, ya janye jini daga ciki ya tura shi damtse da cinya. Kaga dalilin bushewar baki da murɗar ciki kenan, jiki ya ajiye aikin narka abinci ya koma shirin faɗa. Rawar hannun ma ƙarfi ne ya taru bai samu inda zai fita ba. Tsumar da kake gani ɗan dambe nayi in makaɗi ya taɓo kirarinsa, ita ce dai wannan.

To matsalar ba zuwan abin bane, lokacin da yazo ne. Bari in baka misali da sana'armu. Duk mahaucin da ya san aiki ya san bijimin da aka wahalar, aka yi ta kora ana duka tun daga mota har kwata, namansa duhu yake yi ya bushe kuma baya jimawa yake lalacewa, saboda ƙarfin da ke cikin tsokar ya ƙone tun kafin a sa wuƙa. Haka ɗan dambe yake ƙonewa a wajen jira.

Ni abin da ya faru da ni kenan a wasana na farko. Tun bakwai na safe na iso, ban ci komai ba sai lemon ƙara kuzari gwangwani biyu da goro, naje na tsaya gab da masu kalangu, duk wanda aka yiwa kiɗa sai in tsuma kamar ni aka kira, ina zagaye ina kirari ina ɗaga hannu, abokai na zugani, kusan awa uku a haka. Da aka kira ni na shiga turmin farko, wato zagayen farko, kamar mahaukaci, na kai naushi ya fi goma ko ɗaya bai samu ba, ban ma san ina riƙe numfashi ba. Abokin karawata wani siririn yaro ne ɗan ɓangaren Guramada, ko gumi baiyi ba, yana ta ja da baya yana kallona kawai. Ana shiga turmi na biyu naji ƙafafuna kamar an zare musu ƙashi, hannun da aka ɗaure yayi nauyi kamar na ɗauko turmin daka, kunnena ya toshe ban jin kiɗa ban jin mutane. Sau ɗaya ya sakar min a muƙamuƙi sai gani na dafa ƙasa. Yaron nan bai fini ƙarfi ba, ni na kashe kaina tun a waje.

Bayan nan ne maigidana a dambe, Allah ya jiƙansa, ya zaunar da ni, kuma abin da ya koya min shi zan faɗa maka.

Ranar wasa ka ci abinci kamar awa uku kafin lokaci, mara nauyi wanda cikinka ya saba da shi, ka ringa kurɓar ruwa kaɗan kaɗan. Lemon kuzari da goro da kofi ka barsu, zuciyar da take gudu da kanta ba'a ƙara mata bulala. In kun isa ka gaisa da manya sannan ka nemi inuwa can nesa da makaɗa ka zauna da mutum ɗaya mai hankali, ba 'yan zuga ba. Kar ka tsaya kallon kowane wasa, duk kisan da ka gani, wato an kai ɗan dambe ƙasa, sai jikinka ya sake sako adirenalin ɗin nan, shi kuma ba daɗewa yake a jini ba, cikin 'yan mintuna yake raguwa, tunani da kallo ne suke ta sabunta shi.

Sai numfashi, wannan shine babba kuma dan Allah kar ka raina shi don yayi sauƙi. Ka ja iska ta hanci kana ƙirga 4 har cikinka ya taso, ba ƙirji ba, ka sake ta a hankali ta baki kana ƙirga 6 ko 8. Fitarwar ce take saukar da bugun zuciya, shi yasa ake jan ta fiye da shaƙar. Kayi kamar sau goma. Ni nakan haɗa da Hasbunallahu wa ni'imal wakil a wajen fitarwa, tsawonta yazo daidai kuma zuciya na samun abin riƙewa. Amma fa ka fara tun yau, bayan kowace sallah da lokacin kwanciya da kuma in ana ɗaure maka zare a atisaye, don abin da baka saba ba bazai zo maka ranar Lahadi ba. In barci yaƙi zuwa daren Asabar kar ka tada hankali, ka ajiye waya ka kwanta kawai, kusan kowa haka yake kwana.

In ya rage kamar minti 15 ka tashi ka motsa jiki, tsalle, naushin iska, har gumi ya ɗan karyo, zaka ga rawar hannun ta ragu da kanta. A nan ne zaka matso kusa da kalangu, in an taɓo naka ka tsuma son ranka, yanzu lokacinta ne.

Turmin farko kuma ka ɗauke shi na karatu. Ka miƙa hannun garkuwa, wato wanda ba'a ɗaure ba, ka auna nisa, idonka a ƙirjinsa da kafaɗarsa, ka saki kafaɗunka kar ka ƙanƙame, duk naushin da zaka kai ka fitar da iska tare da shi. Ka shiga da abu ɗaya ko biyu kawai a kanka, don a cikin fili kai baya ɗaukar dogon lissafi. 'Yan kallo zasu yi ta ihu ka shiga ka shiga, ba su zasu sha naushin ba, turmi uku gareka.

Maganar tramol da wiwi kuwa, ina roƙonka don girman Allah ka rabu da ita. Eh zaka ji tsoron ya tafi, amma tare da shi idonka da saurinka suke tafiya, za'a dakeka baka ji ba kaci gaba da tsayawa ana illata maka kai, kuma tramol na iya jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya. Na ga yaran da suka fini hannu nesa ba kusa ba, yau in ka gansu a bakin tasha sai hawaye ya zubo maka, abin yana ci min rai har yanzu. Haka nan in an sameka a kai kaji jiri ko amai ko ciwon kai mai tsanani, kar ka sake sa zare ranar ko waye ya zugaka, asibiti zaka nufa.

Lahadin nan insha Allahu zan shigo Dei-Dei da na sallami masu naman safe. Ka min magana ta akwati in baka lambata, in ka iso ka kira ni mu zauna tare muyi numfashin nan kafin a kira sunanka.