Amsa ga angon da ke neman otal ɗin nutso a teku

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ƙanena ango, tun daren jiya na ga tambayarka, na bari sai na samu zama tukuna, don ba maganar layi biyu ba ce. Ka ce bayan biki kana so ka ɗauki amarya ku tafi bakin teku, ku sauka a otal na alfarma inda ake nutso da tukunyar iska a baya, amma ka rasa na zaɓe tsakanin Maldib, Zanzibar da Masar, kuma ku biyun ba wanda ya taɓa shiga ƙarƙashin ruwa. Da farko Allah ya sanya alheri, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba.

Ni harkar kaya ce ta saba kai ni Alƙahira, daga can abin ya shiga raina. Na yi nutso a Bahar Maliya sau uku, Zanzibar sau ɗaya, Maldib sau ɗaya, kuma in ban da tafiya guda, duk da uwargida muka je. Mafi yawan abin da zan gaya maka daga tafiyarmu ta farko na koye shi, wadda har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Hoto na bi. Na ga ɗaki mai faɗi, gado kamar na sarki, baranda tana kallon ruwa, na biya ba tare da na tambayi komai game da nutson ba. Da muka isa sai na tarar masu nutson ba ma'aikatan otal ba ne, wasu ne can daban da ake tura musu baƙi. Ƙarfe bakwai na safe mota ta kwashe mu zuwa tashar jiragen ruwa, daga nan muka yi fiye da awa ɗaya a kan teku. Uwargida ba ta taɓa hawa jirgin ruwa ba, jiri ya kama ta, ta kwanta a kan benci da hijabinta, rana na dukanta, ba mace ko ɗaya cikin ma'aikatan da za ta kula da ita. Ni kuwa aka haɗa ni da tarin mutane ƙarƙashin malami ɗaya. Ban kai mita huɗu ba kunnena na hagu ya ɗauki zafi kamar ana soka mani tsinke. Na yi mashi alama, shi kuma hankalinsa na kan wasu. Na fito da kaina, na zauna kusa da ita, muka wuni a jirgin nan ba mai magana. Da dare muka koma ɗakin nan mai kyau, ta ce mani, "Alhaji, wannan ne abin da muka baro Maraɗi dominsa?" Ban samu amsar da zan ba ta ba.

Don haka ka fara da masu nutson, ɗaki ya biyo baya. Kafin ka tura ko dala, ka rubuta wa otal ɗin ka tambaye su ko cibiyar nutso tana cikin harabarsu, kuma da wace ƙungiya take da rajista. Sanannun su ne PADI da SSI da CMAS, kuma PADI da SSI suna da jerin cibiyoyinsu a intanet, kana iya duba sunan da idonka. Ka tambayi mutum nawa malami ɗaya ke ɗauka. Tunda ka ce aljihu da nauyi, ka nemi malami naku ku biyu kaɗai, ko da za a ƙara maka kuɗi. A ganina nan ne kuɗinka zai yi maka aiki, fiye da a ce an watsa furanni a kan gado. Ka tambaya ko da wane harshe zai koyar da ku, don in Faransanci kuka fi ji, a Masar ana samun masu yinsa, sai dai ka nema tun da wuri. Bayanin da ransa ke rataye a kai bai kamata mutum ya ji rabinsa ba.

Abu na biyu da na so a ce wani ya gaya mani shi ne murjanin bakin gida. Wasu otal ɗin duwatsun murjani suna nan daf da gaɓarsu, daga ɗaki ka taka ƴan taku, ka bi gadar katako, ka sauka cikin kifaye. Ba mota, ba jirgi, ba jiri. Ga sabon shiga wannan shi ne komai, don za ku shiga lokacin da kuka ga dama, in amarya ta gaji ku fito ta huta, in la'asar ta yi ku sake komawa. A tafiyarmu ta biyu irin wannan na nema a Masar, a yankin Marsa Alam da ke bakin Bahar Maliya, kudu da garin Hurgada. Malamar da aka ba uwargida ta yi kwana biyu da ita a ruwan da bai wuce ƙirji ba, tana koya mata yadda ake toshe hanci a hura a hankali don kunne ya buɗe, da yadda ake fitar da ruwa daga gilashin fuska ba tare da an firgita ba. Rana ta uku muka je mashigin Abu Dabbab, inda ciyawa ke shimfiɗe a ƙasan ruwa. Muna durƙushe a kan rairayi sai ga kunkurun teku, faɗin bayansa ya kai babban faranti na biki, yana tsinkar ciyawa a natse, wasu kifaye biyu manne a jikinsa. Ya ɗaga kai ya dube mu, ya ci gaba da kiwonsa. Uwargida ta damƙe hannuna, ina ganin idanunta ta cikin gilashi, ina jin numfashinta yana fita da kumfa. A wannan mashigin ne kuma wani ɗan uwan ayu yake zuwa kiwo, mai rabo yakan gan shi.

Yanzu maganar da ta fi nauyi, kuma ka yi haƙuri in faɗe ta a fili, matsayin yaya nake. Mace mai ciki ba ta nutso da tukunya, ko cikin na sati nawa ne. Ku sababbin aure ne, in tafiyar za ta kai wata biyu ko uku bayan tarewa, to a gwada kafin a shiga ruwa. Sannan sikila: mai cutar sikila ba ya wannan harka, kuma ka san yadda take a cikinmu. Haka mai asma, mai ciwon zuciya, mai farfaɗiya, ko wanda aka taɓa yi wa aiki a kunne, sai likita ya duba ya sa hannu. Za a ba ku takardar tambayoyin lafiya ku cika, kada kunya ko ƙwaɗayin shiga ya sa a ɓoye wani abu. Ko mura ce ta kama ɗayanku, a haƙura da ranar, don hanci a toshe kunne ba ya buɗewa, abin da ya same ni ke nan a karon farko, na taho da murar hunturu daga gida ban ɗauke ta komai ba. Dalilin duk wannan shi ne nauyin ruwa. A mita 10 kacal matsin da ke kan jikinka ya ninka na bisa tudu, shi ya sa doka ta farko ita ce kada ka riƙe numfashi, kuma kada ka taso da sauri.

Kun iya iyo? Mu da muka tashi muna faɗawa gulbi da damina ko tafkin Madarunfa muna da ɗan abin farawa, amma yawancin matanmu ba su taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba. Hanya biyu ce. Akwai ɗanɗano na yini ɗaya, malami na riƙe da kai, ba a wuce mita 12. Akwai kuma karatun samun kati na matakin farko, kwana uku zuwa huɗu, da shiga teku sau huɗu, wanda ke ba ka izinin kai wa mita 18. A tsarin PADI kafin a ba ka katin sai ka yi iyon mita 200 ba tsayawa, kuma ka yi minti 10 a saman ruwa ba ka riƙe komai ba. In amarya ba ta iya ba, kada ka matsa mata. Ku fara da leƙe daga sama da gilashi da bututun shaƙa, tana sanye da rigar da ke hana nutsewa. A Bahar Maliya ko daga saman ma abin da ido zai gani ya isa a yi ta tasbihi. In ranta ya kwanta, ita da kanta za ta ce a sa mata tukunya.

Maganar sutura ba ta da wuya yadda mutane ke zato. Rigar robar da ake nutso da ita tana rufe jiki daga wuya har idon sawu, akwai kuma hular da ke rufe gashi. Tana kama jiki, gaskiya ne, don haka uwargida takan ajiye doguwar riga a bakin tsani, tana fitowa ta zura. Cikin ruwa kam ba a shiga da mayafi mai yawo, yana iya sarƙewa da tiyo. Ka nemi malama mace tun a wasiƙar farko, ka sa su tabbatar maka a rubuce.

To, ina za ku? Maldib ta fi ko'ina kyau a ido, ba gardama. Tsibiri ɗaya otal ɗaya, ɗaki a kan ruwa, wasu har da wurin wankansu a killace, wanda ya dace da mai son sirri. Ana ba da biza ta kwana 30 a filin jirgi. Ƙasar Musulmi ce, amma ka sani a tsibiran otal ana sayar da giya, wasu har da naman alade a teburin abinci, sai ka tambaya, kuma ka ce a kwashe kwalaben da ke cikin firjin ɗaki kafin ku iso. Farashin da kake gani sau da yawa bai haɗa da haraji da kashi 10 na hidima ba, ga kuɗin ƙaramin jirgin saman da zai kai ku tsibirin, mai sauka a kan ruwa, wanda shi kaɗai yana iya cin kuɗin kwana ɗaya ko fiye. Jirgin nan da rana kawai yake tashi, in kun sauka Male, babban birnin ƙasar, da dare sai kun kwana. Lokacinta mai kyau daga Disamba zuwa Afrilu. Wasu mashigan nata kuma ruwa na ja da ƙarfi, ba na sabon shiga ba ne.

Zanzibar ta fi kama da gida: kiran salla, mata da lulluɓi, abinci ba fargaba. Nutson kirki yana wajen tsibirin Mnemba, kuma sai da jirgin ruwa. A gabashin tsibirin teku kan janye nesa in ya sauka, ka fito ka tarar da rairayi fetal. Ka kauce wa Maris zuwa Mayu, lokacin babban ruwan sama ne.

Ni dai in ƙanena na ciki ɗaya ne ya tambaye ni, Masar zan ce, kuma yankin Marsa Alam. Ruwan garau yake, murjani a bakin ƙofa, abinci halal, masallaci ba nisa, tafiyar ma ta fi gajarta daga nan, ko ta Yamai ka bi ko ta Kano. Da sanyin hunturu ruwan kan sauka wajen digiri 22 ga iska, mu mutanen zafi ba ma jimre shi, don haka ka nufi Afrilu zuwa Yuni, ko Satumba zuwa Nuwamba. Za ka ji ana ta zancen Thistlegorm, jirgin Ingila da aka nutsar a 1941, wanda har yau babura da motoci ke jere a cikinsa. Yana wajen mita 30, ka bar shi sai wata tafiyar.

Wajen tsara kwanaki, kada ka sa nutso a ranar ƙarshe. Iskar da ake shaƙa a ƙasa tana barin sinadarin naitirojin a jini, in ka hau jirgin sama da wuri yana iya zama kumfa a jijiya, abin har shanyewar jiki yana kawowa. Ƙa'ida ita ce aƙalla awa 12 bayan shiga ɗaya, awa 18 in an jera kwanaki ana yi, ni kuwa awa 24 cur nake bari. Kwana bakwai shi ne mafi ƙarancin da zan ba ka shawara: ranar isowa hutu, ranar ƙarshe hutu, na tsakiya na ruwa. Kada kuma ku haɗa da azumi, ƙishirwa na ƙara haɗarin. Ka tambayi otal ɗin nisan su da ɗakin matsin iska da ake jinyar masu wannan matsala, da ko suna da iskar oksijin a jirgin ruwa da bakin teku. Wanda ya amsa maka nan take da sunan wuri da tsawon tafiya, ya san aikinsa. Wanda ya ce "kada ka damu" kawai, ka nemi wani. Inshorar tafiya ta yau da kullum ba kowace ke ɗaukar nutso ba, akwai ta DAN, ƙungiyar kula da lafiyar masu nutso, da aka yi musamman dominsa, ka yanka maku ku biyu.

Wajen kuɗi, yawanci da Yuro ko dalar Amurka za su yi maka lissafi. Yuro ɗaya sefa 656 ne, ka buga da kanka. Ka sa su rubuto maka jimilla guda wadda ta haɗa ɗaki, abinci, karatun nutso, hayar kaya, kuɗin kati, ɗauko ku daga filin jirgi da haraji. Katin allurar shawara ma ku riƙe shi tare da fasfo. Gilashin fuska kuwa ku sayi naku, a gwada a fuskar kowa a shago, don na haya sau da yawa yana yoyo, kuma ruwan gishiri a hanci shi ne abin da ya fi saurin sa sabon shiga ya ce ya fasa.

In ka tura wa otal biyu ko uku tambayoyin nan, ka kawo amsoshinsu nan zaure ko ka same ni a shago bayan la'asar mu duba tare. Ka gaishe da su Hajiya, Allah ya kai mu ranar lafiya.