Man gyaɗa a tankin injin gas

Jiya muna kwance famfon injin niƙan nan ka tambaye ni ko da gaske ne man gyaɗa yana tada injin gas. Gaskiya ne, ɗana. Tun 1900 aka nuna injin dizal yana aiki da man gyaɗa a bajekolin birnin Paris. Amma kada in ga ka zuba wa mai kaya ɗanyen mai a tanki. Ya fi gas kauri wajen sau goma, nozul, wato bakin da ke fesa mai a cikin injin, ba ya iya fesa shi, sai dai ya riƙa ɗiga, ya ƙone rabi da rabi, ya bar kunkunniya a kan fistin da zobba.

Sai an tsinka shi tukuna. Ana ɗumama man, a zuba masa sinadarin metanol da aka narka sodar sabulu a ciki, wajen lita 20 ga lita 100 na mai, a yi ta juyawa. In ya huce, wani ruwa mai kauri da ake kira gilisarin ya kwanta a ƙasa kamar zuma, a tsiyaye na sama, a wanke, a busar. Shi ne bayodizal. Metanol kuwa dafi ne, yana makantarwa, ba aikin da za ka gwada a ɗaki ba ne.

Galibi gauraya shi ake yi da gas. In ka ji an ce B20, kashi 20 cikin ɗari bayodizal ne, sauran gas. Indunusiya ta kai B35 a 2023 da manjanta.

Mu a nan, ni ban yarda a ƙona man miya ba, ga tsada ga yunwa. Muna da angurya a Funtuwa da Gusau, da 'ya'yan darbejiya, da tsohon man masu ƙosai, ga kuma bini-da-zugu da ake shinge da shi, wanda ko akuya ba ta ci, kusan sulusin ƙwayarsa mai ne. A Garalo ta ƙasar Mali da man bini-da-zugu aka tsara ba gari wuta. Sai dai in ba ruwa da taki, 'ya'yansa kaɗan ne, abin da ya karya manoma da yawa ke nan.

Ran da aka kawo maka injin da ya fara shan bayodizal yana shaƙewa, duba filta kafin ka taɓa famfo, don man yana wanko tsohon dattin tanki. Ka matsa tiyon roba ka ji ko ya yi laushi. In da hunturu ne kuma na manja ne, to daskarewa ya yi, a ƙara masa gas.