Kwadon Kamaru da madobiya, wa ya fi shiga uku?

Tambaya: Salam Malam, dan Allah na ji a rediyo wai akwai wani katon kwado a Kamaru da ya kusa karewa, ni kuma nan Taraba ina ganin yadda aka gama da itacen madobiya a dazukanmu, shin wanne ya fi shiga hatsari? Daga wani mai karatu a Jalingo.

Amsa: Wa alaikumus salam dan uwa. Kwadon da ka ji sunansa Goliath, babu kwadon da ya kai shi girma a duniya, jikinsa kan kai santimita 32 nauyinsa kuma ya haura kilo 3, ka ga ya fi wata kazar gidan nauyi. A kudancin Kamaru da Ikwatoriyal Gini kadai ake samunsa, a koguna masu gudu da karfi kusa da inda ruwa ke zubowa daga kan dutse. Ba ya kuka irin na kwadinmu na damina, kuma shi da kansa yake ture duwatsu ya gyara dan gurbi inda za a zuba kwai. Mutane na kama shi su ci, wasu su sayar waje, ga sare daji da ke bata masa ruwa.

Madobiya kuwa kai ka fi ni sani, ita ce 'yan katako ke kira Madrid, an yi ta loda gumagumanta a tirela zuwa Legas daga can sai kasar Sin a yi kujeru masu tsada. Tun 2017 aka sa ta cikin itatuwan da ake takaita cinikinsu tsakanin kasashe amma wallahi barnar ta riga ta yi nisa, Fulani da ke sassabo ganyenta su ba shanu da rani su suka fara ji a jikinsu.

In ka tambaye ni, kwadon ya fi shiga uku. Madobiya tana nan daga Senigal har Chadi, tana da iri ana iya shukawa, kututturen ma in aka kare shi daga gobara da awaki yakan sake toho, sai dai sai an yi shekaru masu yawa kafin ta kai yanka. Shi kuwa Goliath in kogunan nan 'yan kadan suka lalace ba shi da wani wajen zuwa.