Giyar da ta yi mini ɗaci kamar magani: lalacewa ta yi?

Tambaya: Gaisuwa mai yawa. Daga Jos nake rubutowa. Yayana ya kawo mini ƙananan kwalabe biyu na wata baƙar giya daga Ingila, an rubuta "imperial stout" a jiki, ƙarfinta kashi 10 cikin ɗari. Na sa ɗaya a firji ta yi sanyi ƙarara, na kafa kai na sha a kwalba kamar yadda nake shan Guinness. Ban ji komai ba sai ɗaci da ƙauri. Ta lalace ne a hanya? Yaya zan yi da ta biyun?

Amsa: Ɗan'uwa, na gode da tambayar. Musulmi ya san hukuncin giya a addininsa, don haka amsar nan ta wanda addininsa bai hana shi ba ce, kuma ya mallaki hankalin kansa.

A ganina giyarka lafiyarta lau. Sanyi da gaggawa ne suka ɓoye maka ita. Da ta lalace, da tsami za ka ji irin na ruwan kal, ko warin jiƙaƙƙen kwali.

Asalinta birnin Landan ne, a ƙarni na 18. Gidan giyar Anchor da ke unguwar Southwark, wanda ya koma hannun Barclay da Perkins a 1781, yana dafa baƙar giya mai ƙarfi ana lodinta a jirgin ruwa zuwa Rasha, har fadar Sarauniya Katarina ta Biyu. Daga wannan alaƙa da fada sunan "imperial", wato ta sarauta, ya samo tushe. Kamfanin Courage ya gaji girkin, ya ci gaba da yin ta har 1993, ƙananan gidajen giya na Amurka ma suka rungume ta, wasu har suna zuba ta ta yi watanni a gangar katako da aka taɓa ajiye wuski a ciki.

Baƙin da ka gani ba rini ba ne. Ana jiƙa sha'ir ya tsira a busar, yadda masu burkutu ke yi da dawa, sai a ɗebi kaɗan daga ciki a gasa shi a zafin da ya haura digiri 200 har ya yi baƙi ƙirin. Ka tuna gyaɗa a kasko: in ta soyu daidai gardi take yi, in aka ƙara mata wuta ta fara ɗaci. Wannan giya a tsakanin biyun take zaune. Kuma da yake ana zuba hatsi mai yawa a ruwa kaɗan, yis ba ya iya cinye sukarin duka, sai ragowar ya ba ta kauri da zaƙin da ke tare ɗacin. To ga inda matsalar take: sanyi mai tsanani yana danne zaƙi a harshe, yana kuma hana ƙanshi tashi. Bakin kwalba kuwa bai bar wa hancinka hanya ba, alhali yawancin abin da muke kira ɗanɗano hanci ne ke kawo shi. Ka cire zaƙi, ka cire ƙanshi, me ya rage? Ɗacin nan da ka ji.

Ta biyun, ka fitar da ita daga firji ka ba ta kamar minti ashirin, har ta kai digiri 12 zuwa 14. Idan ka riƙe kwalbar ka ji sanyi-sanyi irin na ruwan randa da safiyar hunturu, ta yi. Ka nemi tambulan mai faɗin ciki da tsukakken baki, wankakke tas, domin ɗan maiƙo kaɗan yana kashe kumfa. Ka karkata shi ka zuba a hankali, kada ka cika. Za ka ga kumfar ba fara ba ce, launin ƙasa-ƙasa take, kuma in ka ɗaga tambulan wajen taga haske ba ya ratsawa.

Kada ka yi saurin kaiwa baki. Ka ɗan juya tambulan, ka shinshina. Gahawa ce kan fara zuwa, sai cakulan mai ɗaci. Can ƙasa akwai wani abu kamar busasshen dabino ko zabibi, wani lokaci kamar mazarƙwailar da ta ɗan kama a tukunya. Sannan ka kurɓi kaɗan, ka bar ta ta kwanta a harshe kafin ka haɗiye. Zaƙi ne farko, gardi a tsakiya, ɗaci a ƙarshe, sai ɗumi ya bi maƙogwaro ya sauka ƙirji. Abin da ya fi burge ni da ita shi ne ba ta tsayawa wuri ɗaya: kurɓin farko daban, wanda za ka yi bayan rabin awa daban, domin tana ƙara ɗumi tana ƙara buɗewa.

Harshenka ma ba baƙo ba ne a nan. Guinness ɗin da ake yi a Najeriya tun farkon shekarun 1960 ƙarfinta kashi 7.5 ne, kuma tun da aka hana shigo da tsirarren sha'ir a ƙarshen shekarun 1980 dawa ta shiga girkinta. Dangi ɗaya suke, sai dai wannan ta fi nauyi nesa ba kusa ba.

In za ka haɗa da abinci, gasasshen nama mai sauƙin yaji ko soyayyar gyaɗa sun dace. Tsire mai barkono sosai ban ba ka shawara ba, barasar za ta ƙara rura zafin.

Ka kula da lissafi kuma. Kwalba mai mililita 330 a kashi 10 tana ɗauke da mililita 33 na zallar barasa, ta fi babbar kwalba mai mililita 600 a kashi 5, wadda ke da 30. Zaƙinta yana ɓoye ƙarfin. Ka ci abinci tukuna, ka ajiye ruwa kusa, kada ka taɓa sitiyari ko babur bayanta. In da hali ka kira yayan naka ku raba, rabin kwalba ya ishi mutum ya gane ta. Kafin ranar, ka ajiye ta a tsaye, a wuri mai duhu da sanyi, nesa da rana da zafin kicin.