Tsakanin Babba da Ƙato

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Zariya, ina koyon Turanci. Malaminmu ya ce big da great ba ɗaya ba ne, amma ni duk "babba" nake fassara su. A wani aiki na rubuta "ƙaton malami", sai aka ja mini jan layi. Ina bambancin yake?

Amsa: 'Yata, wanda ya ja miki layin nan ya kyauta miki. Amsar tana cikin Hausar da kike yi kullum, sai ki fara daga nan.

Ƙato jiki yake aunawa. Ƙaton sa, ƙatuwar tukunya, ƙattin duwatsu: abu ne da ido ke gani, hannu ke taɓawa. Har suna ya zama, shi ya sa ake kiran masu sintirin unguwa 'yan ƙato da gora, wato majiya ƙarfi masu sanda. Kuma kalmar takan ɗauki raini. Idan uwa ta ce wa ɗanta "ƙato da kai kana kuka", ba yabo take yi ba. To ki ga inda kika kai malamin nan: kin auna ƙirjinsa, kin bar iliminsa.

Babba kuwa ya fi faɗi. Yana auna jiki, kamar babban gida, amma yana auna shekaru da daraja da muƙami. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya jagoranci jihadin 1804, babban malami ne, kuma ba wanda ke nufin girman jikinsa. Sallar Layya ta 10 ga Zulhajji ita ce Babbar Sallah. Ba Bahaushen da zai ce Ƙatuwar Sallah. Haka Babban Bankin Najeriya, haka Abuja babban birni, ko da yake Legas ta fi ta jama'a nesa ba kusa ba. Jam'insa ma daga wani tushe ya fito, manya, kuma da an ce "manya sun zo" kowa sai ya gyara zama.

Karin magana ya tsare wannan iyakar sosai. Ana cewa "babba juji ne", domin shugaba ko dattijo shi ake kai wa kowane laifi da ƙorafi, ya haɗiye. Ana kuma cewa "abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba". Ki lura, yaron ne a sama, babban yana ƙasa, amma shi ya hango. Sa ƙato a gurbinsa, karin maganar ya mutu nan take. Yana ba ni takaici yadda nake jin matasa suna cakuɗa su a rediyo, alhali kakanninmu ba su taɓa ruɗewa ba.

A Turanci, big yana ɗaukar ƙato gaba ɗaya, ya ɗauki wani yanki na babba, kamar yaya da ake ce wa big brother. Great shi ne babban daraja: gwarzo, shahararre, wanda tarihi ya riƙe. Don haka kafin ki zaɓa, ki gwada ƙato a jimlar Hausa. In ya zauna daidai, big ne. In ya zama cin mutunci, kamar yadda ya zama ga malaminki, great kike nema.